Ƙuri'ata Tana Wurin Tsuntsaye

A shekarar 2012 mujallar Sight and Sound ta Ingila, mai tattara ra'ayin manazarta fina-finai duk bayan shekara goma, ta naɗa Vertigo sarkin fina-finan duniya, ta tuɓe Citizen Kane wanda ya shekara hamsin a kan gado. Tun daga nan, duk mai son a ce ya waye, in aka tambaye shi gwaninsa cikin fina-finai fiye da hamsin na Alfred Hitchcock, sai ya ce Vertigo, kamar mai biya hadda. Ni ɗan Burkusuma ne ta ƙasar Sabon Birni, kuma ban yi mubaya'a ga wannan sarauta ba. Gwanina shi ne The Birds na 1963, fim ɗin tsuntsaye, wanda waɗancan malamai ke yi wa kallon ƙanen baya.

Ba na musun kyawun Vertigo. Amma mene ne abin tsoro a cikinsa? Tsohon ɗan sanda mai jirin hawa sama ya haukace kan mace, yana bin ta titi-titi a San Francisco cikin mota, cikinsa a ƙoshe, ƙofar gidansa lafiya. Wannan tsoron mai wadata ne, irin wanda mutum kan saya da kuɗin tikiti. Psycho na 1960 kuwa ya razana duniya, sai dai a ƙarshe an kawo likitan ƙwaƙwalwa ya tsaya ya warware komai dalla-dalla, mai laifi yana tsare, mai kallo ya tafi ya yi barci. Mu a iyakar Gobir mun san wani tsoro daban, wanda ba likitan da ke zuwa ya rufe shi da bayani.

Hitchcock da kansa ya bambanta wa François Truffaut na Faransa razana da zullumi a hirarsu ta 1962. Bam ya tashi ba zato ƙarƙashin tebur, wannan razana ce ta ɗan lokaci. A nuna maka bam ɗin tun farko, ka zauna kana kallon mutane suna hira a kansa, wannan shi ne zullumi. Babu inda ya cika wannan magana kamar a harabar makarantar Bodega Bay. Melanie, wato Tippi Hedren, tana zaune a benci tana jiran a tashi yara, su kuma suna rera waƙa a aji. Hankaka ɗaya ya sauka a ƙarfen wasan yara da ke bayanta. Sai na biyu. Sai huɗu. Ita ba ta sani ba, mu mun sani. Kafin ta waiwaya ƙarfen ya yi baƙi ƙirin. Duk wanda ya taɓa jin an ce an ga babura suna taruwa a bakin daji, alhali kasuwa na ci, yara na makaranta, ba ya bukatar a fassara masa wannan fage.

Su kansu tsuntsayen ba baƙinmu ba ne. Bature na iya dariyar cewa tsuntsu zai yaƙi mutum, amma manomin fadamar gulbin Rima ba zai yi ba. Ya ga jan-baki sun taso kamar hadari sun sauka a gonar gero ko shinkafa, yara na kuwwa, ana kaɗa gwangwani, ana jifa da majajjawa, kafin magariba wahalar damina ta zama ƙaiƙayi.

Fagen da ya sa na yanke hukunci shi ne na gidan abinci, inda babu tsuntsu ko ɗaya a farkonsa. Mutanen gari sun taru suna gardama. Ga tsohuwa masaniyar tsuntsaye, ta kafe cewa a ilmance abin ba zai yiwu ba, alhali an riga an tsinci gawar manomi an ƙwaƙule masa idanu. Ga mashayi a kusurwa yana shelar tashin duniya. Ga wani baƙo mai cewa a ɗauki bindigogi a shafe tsuntsaye kakaf. Da abin ya auku a gabansu, gidan mai ya kama da wuta, sai wata uwa ta juya kan Melanie, baƙuwar gari, ta ce tun zuwanta masifa ta sauka. Ku gaya mini wanne ne ba mu ji ba a Sabon Birni da Isa? Mun ji mai kujera a birni yana cewa an zuzuta lamarin. Mun ji mai cewa a shafe ƙabila guda da mai laifi da marar laifi. Mun ga maƙwabci yana duban maƙwabci da idon zargi. A watan Mayun 2020 an kashe gomman mutane a Garki da ƙauyukan kusa da ita. A Disambar 2021 an ƙone matafiya fiye da ashirin cikin mota a Gidan Bawa. Bayan kowanne, wannan gardamar ce aka sake zama aka yi.

Na san abin da za a ce. Za a ce tsuntsu ba shi da dalili, ta'asar yankinmu kuwa tana da tushe: satar shanu, rikicin gona da burtali, zalunci, makamai masu ƙetare iyaka. Gaskiya ne, kuma masu kashe mu mutane ne da za su amsa laifinsu, ba halittun sama ba. Amma fim ɗin bai taɓa shiga zuciyar tsuntsu ba, yana tare da waɗanda ke cikin gida suna buga katako a taga. A daren da ake jira, sanin tarihin rikici bai taɓa ƙara wa ƙofa ƙwari ba. Za a kuma ce soyayyar farkon fim ɗin ta yi sanyi, ta yi tsawo. To, haka zaman lafiya yake, ba a sanin daɗinsa sai ya wuce. Zargi ɗaya ne ba ni da amsarsa: kwanakin da aka yi ana wurga wa Hedren tsuntsaye masu rai don ɗaukar fagen ɗakin sama, har ta kwanta jinya. Wannan mugunta ce, gwaninta ba ta wanke ta.

Sai a saurari fim ɗin da kunne. Vertigo yana tafe da kiɗan Bernard Herrmann mai gaya wa zuciya lokacin da za ta karaya. A The Birds Hitchcock ya cire kiɗan rakiya gaba ɗaya, ya bar kukan tsuntsaye da Oskar Sala ya haɗa da na'ura, da kaɗawar fukafukai, da shiru. Shirun ya fi komai nauyi, irin wanda kan sauka a ƙauye bayan harbi ya tsaya, ba wanda ya san ko sun tafi ko suna bayan danga.

Da asuba iyalin suka buɗe ƙofa a hankali. Tsuntsaye sun rufe tsakar gida da rufi da shinge har iyakar gani, ba su kai hari ba, ba su kuma tashi ba. Aka tallabo Melanie da raunukanta aka sa a mota, aka ja sannu-sannu, aka bar gida da duk abin da ke cikinsa. Ba sojan da ya iso a kan idonmu, Hitchcock kuma ya ƙi rubuta kalmar ƙarshe a allo. Haka dubban mutanenmu suka fita da asuba suka nufi Gidan Rumji ta jihar Maraɗi, suna tafe suna waiwaye. Ƙuri'ar malaman Sight and Sound tasu ce, tawa na jefa wa wannan motar.