Kafin Ka Biya Kuɗin Gida a Bakin Teku

A 'yan shekarun nan wata sha'awa ta kunno kai a zukatan waɗansu daga cikin mutanenmu da Allah ya yi wa buɗi, musamman fatake da ma'aikatan da suka daɗe a manyan biranen kudu irin su Ankara da Kumasi da Ikko, wato sha'awar mallakar ɗan gida a wani ƙaramin garin masunta da ke bakin teku, inda mutum zai koma ya huta in girma ya kama shi, ko ya kai iyalinsa lokacin hutu. Dillalai kuwa, da yake sun fi kowa saurin jin ƙanshin ciniki, sai ga su da hotuna a cikin waya: farin rairayi, itatuwan kwakwa, kwalekwale a jere, da farashin da in aka gwada shi da na birni sai mutum ya ce kyauta ake bayarwa. Ni ban ga laifin mai wannan buri ba, domin duk wanda ya yi shekaru a cunkoson unguwannin Ankara irin su Nima ko Sabon Zango, yana kwana da ƙarar mota yana tashi da hayaƙinta, yana da uzuri in ransa ya so sarari da iska. Amma ra'ayina, wanda zan yi ƙoƙarin kafa masa hujja a nan, shi ne bai kamata baƙo ya biya ko kwabo a kan gida a irin wannan gari ba sai ya zauna a cikinsa da haya shekara guda cur, rani da damina, kuma ko bayan nan bai dace ya gitta gininsa tsakanin masunta da ruwansu ba.

Zan ɗauki Keta misali, domin abin da ke ɓoye a wasu garuruwa a can ya fito fili. Keta gari ne na mutanen Anlo, wani reshe na ƙabilar Ewe, a kudu maso gabashin Gana, kusa da iyakar Togo, kuma Allah ya ajiye shi a kan wani siririn tudun yashi, teku a gabansa, a bayansa kuma tafkin Keta, wanda ya fi kowane tafkin gaɓa girma a ƙasar. Mutanensa masu himma ne ƙwarai: maza na jan taru daga bakin ruwa, mata na banda da shanya, ana kwasar gishiri a gefen tafki in ya janye, kuma a wajen Anloga ana noman ƙananan albasa a cikin yashi da ban ruwa irin na hannu, noman da duk wanda ya san aikin lambu zai sara masa. Gari ne mai tarihi da ilimi, wanda a da jiragen fatauci ke tsayawa a gabansa, da kantunan Turawa da kasuwa mai ci, har zuwa lokacin da aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Tema a 1962 ciniki ya koma can.

To, mafi yawan wannan tsohon gari yau yana ƙarƙashin ruwa. Kagarar da Turawan Danmak suka gina a 1784, suka sa mata suna Prinzenstein, inda aka riƙa tsare bayin Allah kafin a ƙetare da su, teku ya rushe babban sashenta a 1980, kuma abin da ya ci ginin dutse irin wannan ba gidan bulo zai raga wa ba. Zaizayar ta fara tun farkon ƙarni na 20, amma abin da ya ƙara mata ƙarfi aikin hannun ɗan Adam ne. Bisa sunnar da Allah ya tsara, Kogin Volta ne ke ɗauko yashi daga can cikin ƙasa ya zuba a teku, igiyar ruwa kuma ta kwashe shi daga yamma zuwa gabas tana shimfiɗawa a gaɓar Keta, ta yadda abin da teku ya ɗiba a bana kogi zai biya a baɗi. Sai aka gama madatsar Akosombo a 1965 domin samar da lantarki, yashin ya riƙa kwantawa a bayan madatsa, teku kuwa bai fasa ɗiba ba, ga shi babu mai biya. A kan haka kuma aka ƙara da hauhawar ruwan teku da malaman kimiyya ke aunawa a duniya duka.

Gwamnatin Gana ta yi abin da za ta iya. An kashe sama da dala miliyan 80 a kan aikin kare gaɓar Keta, wanda aka kammala a 2004, aka jibge duwatsu a bakin ruwa, aka miƙa waɗansu dogayen katangun dutse cikin teku don su tare yashi, aka cike wani sashe na tafki aka tsugunar da mutanen Kedzi da Vodza da Adzido. Aikin ya yi amfani, kuma zalunci ne a musa haka. Sai dai yashin da aka tare a nan shi ne abincin gaɓar da ke gaba, don haka ɓarnar ta matsa gabas, ta faɗa wa Blekusu da Agavedzi da Salakope da Amutinu. A watan Nuwamba na 2021 ruwa ya hau cikin dare ya raba dubban mutane da gidajensu a wannan yanki. A watan Maris na 2025 ya sake auka wa Agavedzi da maƙwabtanta, har Shugaba John Mahama ya je da kansa ya gani, kuma ko matattu ba su tsira ba, domin ruwa ya taɓa maƙabartu. A yamma, kusa da bakin kogi, ƙauyen Fuveme sai labari. Kada kuma wani ya ce zai tsere ta hanyar saye a gefen tafki ba tare da bincike ba, gama a watan Oktoba na 2023, da aka saki ruwan Akosombo, ta baya ambaliya ta zo wa waɗansu garuruwan.

A nan ne nake so mai karatu ya tuna da karatunsa na zaure. Shari'a ta hana cinikin garari, wato cinikin abin da ba a san tabbatarsa ba, kuma misalin da malaman fiƙihu suka fi kawowa, abin mamaki, shi ne sayar da kifi tun yana cikin ruwa. Ban ce sayen fili a bakin teku haramun ne ba, wannan fatawa ce, kuma fatawa ta malamai ce. Amma na ce hikimar da ta sa aka hana wancan tana nan tsaye a kan wannan, domin wanda ya sayi fili a inda gaɓa ke ja da baya kowace shekara, ya biya kuɗin abin da babu mai iya lamunce masa wanzuwarsa har 'ya'yansa su girma. Wanda kuma ya san ruwa ya taɓa shiga gidansa har gwiwa, sa'an nan ya yi masa sabon shafe da fenti ya sayar wa baƙo a tsakiyar rani bai faɗa ba, wannan babu saɓani a kansa, algus ne da ɓoye aibi, kuma mai saye yana da haƙƙin mayar da ciniki. Amma wa zai mayar wa, in mai sayarwa ya ci kuɗin, dillali ya karɓi la'adarsa ya sauya lambar waya? Abin da ido ba ya gani a hoto, zaman shekara guda zai nuna shi: inda ruwa ke tsayawa in ya yi toroƙo, wace rijiya ce ke komawa gishiri, wace hanya ce ke yankewa, da yadda iskar teku ke cin kwano da rodi da ƙyauren ƙarfe da wayar lantarki, har gidan da aka gina da arha ya koma gidan da ake ciyarwa kowace shekara.

Sa'an nan akwai batun mai ƙasa, wanda ya fi na teku rikitarwa. A ƙasar Anlo, kamar yawancin Jihar Volta, ƙasa ta dangi ce da zuriya, kuma bisa al'adar da kotunan Gana suka amince da ita, ba a sayar da filin dangi sai da yardar shugaban gidan tare da manyan dattawansa. Saboda haka saurayin da ya nuna maka fili ya rantse na kakansa ne, mai yiwuwa gaskiya ya faɗa, amma kakan nan yana da jikoki da yawa a Tema da Lome da Turai, kuma kowannensu yana da magana. Mu da muka tashi a kan mazhabar Malikiyya bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba, domin shuf'a a wurinmu haƙƙin abokin tarayya ne a cikin dukiyar da ba a raba ba, ya fi baƙo cancantar ya karɓi rabon da ɗan'uwansa ya sayar. Kuma ya kamata ɗan Nijeriya ko ɗan Nijar ya sani cewa tsarin mulkin Gana na 1992 ya hana wanda ba ɗan ƙasa ba mallakar ƙasa ta har abada. Iyakar abin da zai samu shi ne haya ta shekara 50 a lokaci guda, ko da dillali ya kira ta saye. Dokar filaye ta 2020 ta ƙara tsaurara al'amarin, kuma duk wanda ya biya kafin ya kai takarda Hukumar Filaye a bincika, ya ɗauki safiyo da lauya nasa na kansa, to, ya sayi shari'a ne da kuɗinsa.

Duk abin da na faɗa zuwa nan domin kare aljihun mai saye ne. Abin da ya fi damuna shi ne haƙƙin mutanen garin, domin shi ne wanda ba a rubuta shi a takardar ciniki. Rairayin da baƙo ke gani wurin shan iska, a wurin masunci nan ne masana'antarsa: nan yake jawo kwalekwale, nan ake shimfiɗa taru a ɗinke, nan jama'a ke kama igiya tun asuba suna ja har hantsi, nan mata ke jira da kwanduna, nan ake shanya 'yan ƙananan kifin nan da mutanen Gana ke kira 'yan makarantar Keta. Mutum guda in ya ja katanga daga ƙofarsa zuwa bakin ruwa, ya toshe hanyar abincin gidaje masu yawa, kuma ba da daɗewa ba za ka ji ya fara ƙorafi a kan hayaƙin banda da ƙarnin kifi da hayaniyar asuba, alhali su ya tarar. Wanda ke son ya san ƙarshen irin wannan tafiya ya tambayi mutanen Otodo Gbame a Ikko, masuntan da aka rushe wa gidaje aka kora a 2016 da 2017 a daidai lokacin da ƙasar yankinsu na Lekki ke tsada. Ga kuma wani abu da masu gini ba sa so a ambata: yashin da ake buga bulo da shi sau da yawa daga wannan gaɓar ake satarsa da dare, ko da yake doka ta hana, ta haka sai sabon gida ya zama sanadin rushewar tsohon gidan maƙwabci.

Kuma mu tambayi kanmu dalilin da ya sa fili ya yi arha. Kifi ya ragu a tekun Gana, musamman ƙananan kifayen da talaka ke kamawa yake ci, saboda manyan jirage masu share ƙasan teku, waɗanda akasarinsu jarin 'yan Sin ne a bayansu, da haramtaccen cinikin nan da ake kira saiko, har Tarayyar Turai ta yi wa Gana gargaɗi a kansa a 2021. Masunci ya sayi mai ya fita ya dawo da abin da bai biya kuɗin man ba, ga kuɗin makaranta, ga asibiti. Iyalin da ke sayar da gādonsu a irin wannan hali lalura ce ta matsa su, kuma malamai sun ƙi a yi amfani da matsuwar mutum a karya masa farashi. Ba na jin akwai albarka a gidan da aka samu ta wannan hanya.

Wani zai ce, ashe garin ba ya bukatar baƙi da kuɗinsu? Yana bukata ƙwarai. Baƙon da ya zo ya gina, ya ɗauki magina da kafintoci na gari, ya sayi kifi a hannun matan gari, ya sa 'ya'yansa a makarantar gari, alheri ne, kuma garin da samarinsa ke gudu zuwa birni ba zai ƙi mai shigowa ba. Mu Hausawa kuwa ba yau muka fara baƙunci a Gana ba, kuma kakanninmu sun bar mana ladabinsa: fatake ba su taɓa sauka a gari suka fara da sayen ƙasa ba, sai su sauka a wurin maigida, su gai da sarkin zango, shi kuma ya kai su gaban sarkin gari, a zauna a san juna, sa'an nan a nuna musu inda za su kafa. Da wannan ladabi ne zangunanmu suka dawwama a tsakiyar mutanen da ba harshenmu ɗaya ba, ba addininmu ɗaya ba. Abin da nake ƙi shi ne sabon salon saye daga nesa, a tura kuɗi ta waya, a aiko da bulo da mai gadi, mai gida bai san sunan maƙwabcinsa ba.

Saboda haka, ɗan'uwa, in zuciyarka ta kwanta da Keta ko wani gari irinsa, je ka kama ɗaki. Dokar haya ta Gana ta 1963 ta ce kada mai gida ya karɓi fiye da kuɗin wata 6 a gaba, ko da yake a aikace za a nemi na shekara ko fiye, kuma ko ka biya na shekara ɗin, hasararsa ba ta kai ta gida ba. Ka nemi masallaci da maƙabartar Musulmi, ka zauna da tsofaffin masunta ka tambaye su inda bakin ruwa yake sa'ad da suke yara, su nuna maka da hannu, ka auna da idonka abin da ya rage. In shekara ta zagayo kana nan a kan bakanka, ka sayi wuri mai tudu, nesa da inda ake jan taru, a gaban dattawan dangin duka, da takardar da hukuma ta tabbatar. Hukumomin waɗannan garuruwa kuma ina roƙonsu, don Allah, su shata iyaka a bakin ruwa wadda ba mai gini a gabanta, attajiri ne ko baƙo ko ɗan gari, su rubuta wuraren saukar kwalekwale da sunan jama'a tun kafin a sayar da su.