Magana a kan titibiri da sanyin himmarsa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, ya ku 'yan'uwa malaman allo da iyayen yara na Rido, ku saurara.

Kuka ya yawaita cewa yaro yana kolo mai ƙwazo, da ya kai shekara 12 ko 13 sai ya lalace. Ni ban yarda ya lalace ba. Na zauna da yara shekaru masu yawa, na ga mai kunya yana nan da kunyarsa, mai gardama yana nan da gardamarsa, mai tausayi bai daina raba loma ba. Hali zanen dutse ne. Abin da ke sauyawa himma ce, ita kuwa tana da sababi.

Kolo yana karatu domin malam ya ce madalla, kuma surorinsa gajeru ne, kullum yana wanke allo. Titibiri ya shiga dogayen surori, sauka ta yi masa nisa, murya ta fara buɗewa, ya fara jin kunyar a doke shi gaban ƙannensa. Ga shi tun 1980 da aka buɗe matatar mai kusa da mu, yaron garin nan yana sanin kuɗi da wuri. Sa'ansa ya dawo daga Sabon Tasha da 'yan canji a aljihu, shi kuwa yana maimaita abin da ba a gaya masa ma'anarsa ba.

Sai mu ƙara bulala. Wannan kuskure ne, ni ma na yi shi, yaro biyu suka gudu daga hannuna, ɗaya har yau bai koma allo ba. Ibnu Haldun, wanda ya rasu 1406, ya yi gargaɗi a Muƙaddima cewa tsanantawa tana koya wa ɗalibi kasala da ƙarya.

Abin da nake kira gare shi: idan yaro ya kai wannan munzali, a ba shi kolaye uku ya riƙa biya musu. A fara masa Ahalari da fassarar Hausa tun bai sauke ba, domin balaga ta kusa, hukuncin tsarki ya hau kansa. A sama masa ɗinkin hula ko wata sana'a ranar Alhamis da Juma'a. Uba kuma ya zo ya ji karatun ɗansa da kunnensa, ko sau ɗaya a wata. Wassalamu.