A Dawo Mana da Darasin Motsa Jiki, Amma da Sharaɗi

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin filinmu lokacin tara ya san yadda ake rabon 'yan wasa. Masu gudu da iya yanka su ake fara ɗauka, kowa so yake ya buga gaba ya ci ƙwallo a yi masa tafi. In an gama zaɓe sai a waiwayi ƙaton ajin, wanda ake tsokana da ɗan lukuti, a ce masa, "Kai je ka tsaya baya." Mu 'yan ƙungiyar 'yan jarida mun ci karo da labarin wani mai tsaron baya da ya sa muka sake tunani a kan wannan filin namu, da kuma darasin motsa jiki da kullum ake ci da sunan ƙarin darasi.

Sunansa Amobi Okoye, an haife shi a jihar Anambra a 1987. Wasan da ya buga shi ne ƙwallon Amurka, wadda ba irin tamu ba ce. Ƙwallon doguwa ce kamar gwanda, da hannu ake ɗaukarta a ruga ko a jefa, 'yan wasa kuma na sanye da hular kwano da sulke saboda karo. Mutum 11 ne a kowane ɓangare. Aikin Amobi shi ne ya tsaya a tsakiyar sahun farko na masu tsaro, ya ture ƙattan da ke gabansa, ya kayar da mai jefa ƙwallo kafin ta bar hannunsa. A wannan gurbin, jikin da muke yi wa dariya shi ake nema ruwa a jallo. Amobi ya haura kilo 130.

Yana da shekara 12 ya koma garin Huntsville a jihar Alabama, bai san komai game da wasan ba. Da aka gwada karatunsa sai aka tsallakar da shi zuwa ajin waɗanda suka girme shi. Yana ɗan shekara 16, sa'an wasunmu da ke SS2, ya riga ya fara buga wa Jami'ar Louisville wasa, ya kuma kammala digiri a fannin nazarin halayyar ɗan Adam cikin shekara uku da rabi. A 2007 ƙungiyar Houston Texans ta ɗauke shi a matsayi na 10 a zaɓen sababbin 'yan wasan gasar NFL, yana da shekara 19. Kafin shi ba a taɓa ɗaukar mai ƙarancin shekaru haka a zagayen farko ba.

Masu tsallake katanga su tafi atisaye za su so mu tsaya a nan. To, da sauran labari. Houston ta sallame shi bayan kaka huɗu, ya yi biyu a Chicago Bears. A 2013 wata cuta mai kumbura ƙwaƙwalwa ta kama shi, ya riƙa farfaɗiya, likitoci suka sa shi dogon barci na kusan wata uku. Da ya farka, watanni sun ɓace masa a tunani, sai da ya sake koyon abubuwan da yaro ke yi ba tare da wahala ba. Allah ya ba shi lafiya, har Dallas Cowboys ta ɗauke shi a 2014, amma bai sake buga wasan gasa a NFL ba. Wasansa na ƙarshe yana da shekara 25 ya buga shi. A shekarun da wasu yayyenmu ke hidimar ƙasa, shi har ya gama sana'ar da duniya ta san shi da ita. Digirin nan dai yana hannunsa, babu kocin da zai sallame shi daga gare shi.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne hanyar da ya bi. A Amurka ƙofar wasan ta cikin makaranta take. Sai ka buga wa sakandarenku, jami'a ta gan ka ta ba ka gurbin karatu kyauta, kuma in makinka ya faɗi ƙasa a zaunar da kai a benci komai gwanintarka. NFL ma ba ta ɗaukar mutum sai ya yi aƙalla shekara uku da barin sakandare. Mu a nan an raba gari tsakanin aji da fili. Malami na ganin ƙwallo shashanci ce, ɗan ƙwallo na ganin aji ɓata lokaci ne, kowa ya ja zuwa nasa ɓangaren, yaron kuwa ya tashi ba tsuntsu ba tarko.

Kada wani ya ce wannan sai Amurka. Masai Ujiri a nan Zariya ya tashi, a filin ƙwallon kwando na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru ya koyi wasa a hannun koci Oliver Johnson. Wasa ya kai shi karatu Amurka. Bai taɓa buga gasar NBA ba, amma shi ne shugaban Toronto Raptors lokacin da ta ci kofi a 2019. Daga Palladan zuwa filin nan kuɗin Keke Napep ɗaya ne.

Malamanmu, Allah ya ƙara girma, mun san ba mugunta ta sa kuke karɓe lokacin motsa jiki ba. WAEC da NECO da JAMB na tafe, manhaja ba ta ƙare ba, kuma ku ake tuhuma in sakamako ya yi muni. Mun yarda da wannan. Sai dai ku duba kujerun baya ranar da aka soke fita fili, ku ƙirga nawa ne babu kowa a kai bayan tara. Waɗannan yaran ba su daina buga ƙwallo ba, wurin bugawar kawai suka sauya, sun koma inda babu malami, babu mai tambayarsu makin lissafi. Can ne kuma masu cewa za su kai yaro Turai in iyayensa sun kawo kuɗi ke samunsu.

Mu ma ɗalibai da namu laifin. Muna kukan an hana mu wasa, amma in an ba mu filin sai mu mayar da shi na mutum goma sha biyar, sauran su zauna gindin dalbejiya suna kallo. 'Yan mata kuwa ko tambayarsu ba a yi.

Roƙonmu ga shugaban makaranta shi ne a mayar da darasin motsa jiki yadda yake a jadawali, kada a ara wa kowane darasi. A yi rajistar ƙungiyar makaranta, malamin wasanni da malaman aji su riƙa duba ta tare. Wanda ya yi fashin aji sau uku ba dalili, ko ya faɗi gwaji ya ƙi zuwa gyara, a cire sunansa daga gasar gidaje ta wannan zangon ko da shi ne mai ci mana ƙwallo. A kuma ƙara da jifan dalma da jan igiya da ƙwallon hannu, don masu jiki da 'yan mata su samu inda za su shiga. Mun liƙa farar takarda a ƙasan wannan rubutu. Wanda ya goyi baya ya rubuta sunansa da ajinsa, wanda bai yarda ba ya rubuta dalilinsa, ranar Litinin bayan taron safe za mu kai ta ofis.