A Kafa Shinge Kafin A Saki Awaki

'Yan'uwa manoma, a taron ƙungiyoyinmu na ƙarshen damina, maganar da takan cinye lokaci ita ce ta takin zamani, da bashin iri, da inda za a ajiye masara har ta yi kuɗi. Duk suna da amfani. Amma akwai wata gona da ba ta shiga littafin sakatare, wato ɗan lambun nan na bayan ɗaki inda uwargida take tsinko kayan miya. A ganinmu lalle ne a sa shi cikin maganar taro, a kuma yi haka a watan Satumba ko Oktoba, tun hatsi bai shigo gida ba.

Da damina kowa mai lambu ne. Kuɓewa da rama da yakuwa da lalo suna fitowa ba wahala, kabewa ta hau danga, tafasa kuwa ba ma wanda ya shuka ta. Amma da zarar an gama girbi aka kwance dabbobi, cikin kwana biyu sai ka ga wurin kamar an share. Akuya ba ta tsayawa ga ganye kaɗai. Takan ɓare ɓawon ƙaramin itace, in kuwa ta ɓare shi har ta kewaye, itacen ya mutu ke nan, gama ta ƙarƙashin ɓawo ne abincin da ganye ya haɗa yake sauka zuwa saiwa. Dashen mangwaron da aka yi shekara biyu ana reno yakan tafi a yini guda. Daga nan sai rigima: mai lambu ya jefi akuya, mai akuya ya daina gaisuwa, magana ta kai gaban dattawan Ikkilisiya. Ga shi kuma mai lambun nan shi ma yana da nasa awakin da ke yawo a gidan wani.

Asarar ba ta bayyana sai bazara. Daga Maris zuwa faɗuwar ruwa ganye yakan yi wuya, tumatirin da ake zubarwa a bakin hanya a watan Fabrairu ya zama na masu kuɗi a Mayu da Yuni. Mun ga yadda abin ya kasance a 2016, sa'ad da tsutsar tumatir ta cinye gonaki a Kaduna da Kano da Katsina da Jigawa. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 kuma, kuɗin ban ruwa da inji da kuɗin mota sun hau kan kowane kwandon kayan miya. Gidan da ba shi da ɗanyen ganye a waɗannan watanni, yara da mata masu ciki ne suka fi jin jiki. Dundumin da ke hana yaro gani da magariba yakan zo ne daga rashin sinadarin bitamin A, wanda Allah ya zuba cikin zogale da alayyafo da gwanda da mangwaro.

To, shinge da me? Karan dawa yana nan a yalwace da kaka, a yi da shi a bana, a jingina masa ƙaya ta waje. Sai dai gara da ruwan sama ba sa barinsa ya wuce shekara. Saboda haka in damina ta kusa, a kafa sandunan bini-da-zugu kusa da juna ta cikin dangar. Yana kamawa da sauri, akuya kuma ba ta cin sa. A ja wa yara kunne ƙwarai, gama 'ya'yansa guba ne. Inda ƙungiya take da ɗan abu a asusu, ta sayi wayar shinge a dunƙule ta raba, a biya bayan an sayar da amfani, kamar dai yadda ake yi da taki.

Wani zai ce, ruwan fa? Gaskiya ne, wannan ita ce tambaya mai nauyi, mata ne kuwa suka fi yin ta, domin su da 'yan mata ne suke zuwa rijiya. Maigidan da yake son miyar ɗanyen ganye a watan Afrilu, ya ɗauki garwa shi ma. Sa'an nan kada a yi haɗama. Fili taki biyar a tsawo da biyar a faɗi ya isa gida guda. Da hunturu, lokacin da sanyi ke taimakon tumatir da albasa da karas da latas, a cika shi. In zafi ya shigo, furen tumatir yakan zube ba 'ya'ya, don haka a bar wahalar da kai. A rage zuwa kwali ɗaya ko biyu na alayyafo da kuɓewa, waɗanda suke jure zafi, sauran ruwan a ba itatuwa.

Ruwan wanka da na wanke hatsi da muke bari ya kwanta a lungu yana tara sauro, a yi masa hanya zuwa gindin gwanda ko zogale. Kada dai a zuba shi a kan abin da ake ci ɗanye, kamar latas. Akwai kuma dabarar tulu: a binne tulun ƙasa har wuya kusa da dashe, a cika shi, a rufe baki. Ruwa zai riƙa tsattsafowa kai tsaye zuwa saiwa, rana ba ta shanye shi. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa a kan ƙasa, amma a bar tazarar tafin hannu daga jikin itace saboda gara. Babban mangwaro ba ya bukatar ban ruwa. Lemo da gwanda da dashen bana su ne abin dubawa.

Zogale ya cancanci a ba shi wuri a kowane gida. Reshe mai tsawon kamu biyu, in an kafa shi da farkon damina, yakan kama. A riƙa sare masa kai don ya yi rassa daidai inda hannu zai kai. In za a shanya ganyen, a inuwa za a yi, gama rana tana rage masa amfani. Ƙwari kuma, kafin a kai ga maganin kanti a kan abin da za a ci gobe, a daka ƙwayar dalbejiya kamar rabin kilo, a jiƙa cikin ruwa lita 10 ya kwana, a tace, a yayyafa da yamma.

Abin da muke roƙo ke nan a taro mai zuwa. Shugaba ya sa ranar gayya ta kafa shinge, a fara da gidajen gwauraye da tsofaffi. A daidaita da mai unguwa da maƙwabtanmu Musulmi a kan ranar da za a saki dabbobi, domin akuya ba ta san dangar Kirista da ta Musulmi ba. A ba Zumuntar Mata wuri su faɗi irin da suke so a tanada, gama su ne suka san wace kuɓewa ce take yauƙi, wace ce kuma take saurin tsufa. Sakatare kuma ya buɗe wa lambu shafi a littafinsa, ya rubuta gida nawa suka kafa shinge, sa'an nan a watan Afrilu a zaga a ga gida nawa ne suke da ɗanyen ganye.