Baƙon Da Ya Ƙi Hoce Bai Ga Zamfara Ba

Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilimi. Amma akwai wata irin tafiya da ɗaliban Hausa suka saba yi wadda ba ta buɗe komai sai bakin jaka. Za a ɗauki mota a nufi yammacin Zamfara, a yi gaisuwa a fadar Sarkin Zamfaran Anka, a ji yadda Gobirawa suka ci Birnin Zamfara a zamanin Sarkin Gobir Babari, cikin ƙarni na 18, har sarauta ta yi ta ƙaura kafin ta zauna a Anka. A rubuta wannan duka a littafi. Can da azahar, idan mai masauki ya kawo akushi, sai ka ga ɗalibi ya ɗaga murfi ya mayar, ya koma mota ya ciro burodi.

Wannan ɗalibi ya yi hasara, ko da ya cika littafi uku. Abin da aka faɗa masa a fada yana nan a rubuce a ɗakin karatu. Abin da ke cikin akushin kuwa ba a rubuta shi ba. Alal misali hoce, watau abincin nan na garin dawa da ake gasawa, wanda Bazamfare ke alfahari da shi. Bakano zai dube shi ya ga ya yi masa gautsi, miyar kuma ta yi tsami. To, da ya tambayi sunan miyar, da an ce masa sure ce, ita ce yakuwarsa ta gida da wani suna. Da ya nemi gujjiya a kasuwar Bukkuyum, da gyaɗa za a auno masa, domin abin da shi yake kira gujjiya, a nan ƙwaruru ne. Ga darasin karin harshe a lomar farko, wanda malami zai yi mako yana bayani a kan allo. Haka nan wanda ya ci shinkafa da kifin Gulbin Zamfara a Gummi ba ya bukatar a gaya masa dalilin da ya sa gari ya kafu a bakin fadama.

Ba Hausawa ne kaɗai ke da abincin da baƙo ke ɗari-ɗari da shi ba. A tsibirin Jeju na Koriya ta Kudu akwai mata masu nutso cikin teku ba tare da tulun iska ba, suna tsamo dodon-koɗi da ciyawar ruwa. Mutane na biyan kuɗin jirgi su je su ci, wani lokaci ma ɗanye, kuma a shekarar 2016 hukumar UNESCO ta sa sana'ar cikin al'adun duniya da ake karewa. Ko kusa hoce bai kai wannan wuyar haɗiya ba.

Mai yiwuwa wani ya ce tsoro ne, ba raini ba. Wannan magana tana da nauyi, bai kamata a yi mata dariya ba. A shekarar 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Amma a lura da hanyar da gubar ta bi. Duwatsun zinariya ne aka riƙa kawowa cikin gidaje, ana daka su a turmi, ana niƙa su a injin niƙan hatsi, ƙurar ta bi ƙasar da yara ke rarrafe. Laifin na haƙar zinariya ne da talaucin da ya tura mutane gare ta. Dawa ba ta yi laifi ba, matar da ta kwana tana aikinta ma haka. Baƙon da ya tambayi inda aka yi niƙa ya yi hankali. Wanda ya ƙi akushin gaba ɗaya kuwa ya ƙara wa mutanen da suka binne 'ya'yansu wani ciwo.

Abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa shi ne, ita kanta tafiyar ta yi wuya. Shekaru fiye da goma ke nan 'yan bindiga na tare hanyoyi suna tashin ƙauyuka, har garin Anka ya cika da 'yan gudun hijira. Tsohuwar da ta bar rumbunta ta zauna a sansani, abin da aka ba ta shi za ta dafa, jikarta kuma shi za ta koya. Ganuwa idan ta zube takan bar tudu a gani. Girki ba ya barin tudu. Saboda haka ɗalibin da Allah ya kai shi Anka a wannan zamani, ya kamata bayan fada ya nemi izini a kai shi madafa, ya ci, ya tambayi sunan kowane ganye, ya rubuta shi yadda aka furta masa, kada ya gyara shi zuwa Kananci.