Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga 'Yan Jaridar Zazzau Kan Kulle Imel Da Adana Mabuɗi

Tudun Jukun, Zariya.

'Yan'uwana abokan sana'a, musamman ƙannena da ke fitowa daga sashen koyon aikin jarida na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru da na Kwalejin Nuhu Bamalli. Dalilin wannan takarda mutum ɗaya ne: majiya. Ina nufin akawun ƙaramar hukuma da ya ga an karkatar da kuɗin gyaran asibiti, ko malamar da ta san inda abincin ɗalibai yake maƙalewa, suka yi shahada suka turo muku takarda. Ku kuna da katin aiki da edita da ƙungiya. Shi kuwa ba shi da kowa sai Allah, sai riƙon amanarku.

A wannan gari aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Janairun 1939, da Malam Abubakar Imam a kujerar edita. A wancan zamani wasiƙa takarda guda ce, in an karanta an ƙone, magana ta ƙare. Imel ba haka yake ba. Kwafinsa na nan a wayar mai aikowa, yana nan a rumbun kamfanin da ya ɗauko shi, yana nan a kwamfutarku, kuma duk wanda ya isa ɗaya daga cikin wuraren nan zai karanta shi sarai. Ba tsoratarwa nake yi ba. A watan Agustan 2018 'yan sanda sun tsare Samuel Ogundipe na Premium Times, suka matsa masa ya faɗi wanda ya ba shi wata takardar rahoto. Ranar 6 ga Janairun 2019 sojoji suka shiga ofisoshin Daily Trust a Maiduguri da Abuja saboda labarin shirin ƙwato Baga, suka tafi da editan shiyya Uthman Abubakar, suka kwashe kwamfutoci. Daga baya kwamitin kare 'yan jarida na CPJ ya ruwaito cewa an bi na'urorin da bincike don gano masu ba da labari. Ɗan jarida zai iya kame bakinsa. Kwamfutarsa fa?

Maganin da ake da shi ya girmi yawancinku. A 1976 Whitfield Diffie da Martin Hellman suka fito da dabarar mabuɗai biyu, a 1991 Phil Zimmermann ya saka ta cikin manhajar PGP ya sake ta kyauta, har gwamnatin Amurka ta shafe kusan shekara uku tana bincikensa kafin ta janye a 1996. Wani Bajamushe, Werner Koch, ya fara GnuPG a 1997, ita ce kuma ke cikin Gpg4win da ake sa wa Windows. Tun 2020 manhajar imel ta Thunderbird ke zuwa da wannan tsari a jikinta. GnuPG da Thunderbird babu wadda ake biyan ko kwabo.

Yadda abin yake, ku ɗauka kun je kasuwa an ƙera muku kwaɗo dubu iri ɗaya, ɗan mabuɗinsu guda tak. Sai ku raba kwaɗunan a buɗe ga duk mai so. Wanda ke da saƙo ya zuba a akwati, ya datse da kwaɗonku, ya aiko. Daga lokacin da ya datse, shi kansa ba zai iya buɗewa da wannan kwaɗon ba, balle ɗan aike. Kwaɗon shi ne mabuɗin fili, wanda za ku liƙa a shafinku da ƙasan kowane imel. Ɗan mabuɗin da ke aljihunku shi ne mabuɗin sirri. Da shi kuke buɗe saƙo, da shi kuma kuke sa hannu don a tabbatar ku kuka rubuta.

Ku yi mabuɗin nan tun babu mai nemanku da shi. A Disambar 2012 Edward Snowden, wanda daga baya ya fallasa sirrin leƙen asirin Amurka, ya rubuta wa ɗan jarida Glenn Greenwald yana roƙonsa ya sa PGP don su yi magana. Greenwald ya ga abin da wahala, ya yi ta jan ƙafa, sai Snowden ya koma wajen 'yar jarida Laura Poitras, wadda ta riga ta iya. Saura ƙiris babban labarin 2013 ya wuce Greenwald. Majiya mai tsoro ba ta ƙwanƙwasa ƙofa sau uku.

Amma inda na fi so ku tsaya ku natsu shi ne adana mabuɗin, domin lissafin da ke cikin manhajar ba shi ne ke ba da mutane ba. Mu ne. A garin nan in wuta ta ɗauke kwana biyu, waya takan kwana a rumfar mai caji. In kwamfuta ta ƙi tashi, sai a kai ta wajen masu gyara a PZ a bar ta har da kalmar shiga, a ce gobe a dawo. Ba na zargin kowa cikinsu, mutane ne masu neman halal, amma mabuɗin sirri fayil ne ƙarami da ake kwafewa kafin ƙiftawar ido, kuma ba ya barin alama. Saboda haka kada ya taɓa shiga kwamfutar kafe ko ta ofis da kowa ke taɓawa. Kada ku tura wa kanku shi ta WhatsApp ko Gmail wai don kar ya ɓata. Ku kulle shi da doguwar kalmar sirri, kalmomi shida ko bakwai da ba su da dangantaka da juna. Ban da sunan ɗa, ban da shekarar haihuwa, ban da aya ko karin maganar da kowa ya haddace. Kwamfutar kanta ku kulle rumbunta gaba ɗaya, da BitLocker ko VeraCrypt, ta yadda in an ɗauke ta a kashe ba za a ga komai ba.

Ku ajiye kwafi ɗaya a filas da ba ya yawo a jakarku, ko ma ku buga shi a takarda ku sa inda kuke ajiye takardun gida da na gona. Wanda ya rasa mabuɗinsa ya rasa duk saƙon da aka taɓa kulle masa, kuma babu kamfanin da zai kira ya dawo masa da shi. Tare da kwafin ku adana takardar soke mabuɗi, wadda GnuPG ke haɗa muku tun ranar farko. Ranar da aka ƙwace kwamfutar, da ita za ku sanar da duniya cewa kada a ƙara kulle komai da tsohon mabuɗin. Ku kuma sa masa wa'adi, shekara ɗaya ko biyu. Ana iya tsawaitawa, in kuwa ya ɓata zai mutu da kansa.

Sai batun tabbatar da mabuɗin wani, wanda na ga mutane sun fi raina shi. Kowa na iya ƙera mabuɗi ya rubuta sunan editanku a kai. Abin da ke raba na gaske da jabu shi ne tambarinsa, jerin haruffa da lambobi 40. Ku buga naku a katinku. Na abokin aiki kuwa ku karanta wa juna baki da baki, ko ta waya in kun san muryar juna. Snowden bai aminta da sabon mabuɗin Poitras ba sai da ya sa wani masanin kwamfuta, Micah Lee, ya wallafa tambarin a Twitter ya gwada. Mu da ke haɗuwa a masallacin Juma'a da wajen ɗaurin aure, wannan ya fi mana sauƙi. In za ku ɗora mabuɗin fili a intanet, ku yi amfani da keys.openpgp.org, wanda aka buɗe a 2019, domin shi sai ya tabbatar adireshin naku ne kafin ya haɗa shi da mabuɗin.

Kada kuma ku yi wa majiya alkawarin da manhajar ba ta yi ba. PGP na ɓoye cikin saƙo, ba ya ɓoye wa ya aika wa wa, da ƙarfe nawa, sau da yawa har kan maganar a fili yake tafiya. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta wajabta wa kamfanonin sadarwa adana irin waɗannan bayanai na shekara biyu, kuma tun ƙarshen 2020 aka ɗaure layukan waya da lambar NIN. Ko Proton Mail na ƙasar Suwizalan, da ake yabo, a 2021 hukuma ta tilasta masa ba da adireshin intanet na wani ɗan fafutuka a Faransa. Ma'aikacin da ya turo muku takarda daga imel ɗin ofis ya riga ya tona kansa, ko da ya kulle ta sau goma. Ku gaya masa haka tun farko. Akwai kuma wani rauni: wanda ya sami mabuɗinku da kalmarsa zai buɗe har saƙonnin bara. Shi ya sa a ganina hirar yau da kullum ta fi dacewa da manhajar Signal, a sa saƙonni su riƙa gogewa da kansu, a bar PGP ga takardu da kuma baƙon da ke neman hanyar fara yi muku magana. Abin da kuka gama aiki da shi, ku goge.

Editoci, ku ma da ku nake. Bai kamata gidan jarida ya tura yaro binciken kwangila ba tare da ya koya masa wannan ba, kuma yini ɗaya ya isa a koya. Ƙannena, kada ku jira sai an shirya muku bita a otal. A makon nan kowa ya nemi abokin aiki ɗaya, ku sauke Thunderbird, ku ƙera mabuɗi, ku karanta wa juna tambari, ku aika wa juna gaisuwa a kulle har hannu ya saba. Allah Ya tsare ku, Ya tsare waɗanda suka amince da ku.

Wassalam,
Ɗan'uwanku a sana'a.