Ra'ayinmu: Kokawar Akwati da Kokawar Dandali

'Yan'uwa ɗalibai, duk wanda ya tashi a Bebeji ko Ƙiru ko Tudun Wada ko Doguwa, zai tuna da shagon wasan gem, inda mukan yi cincirindo gaban talabijin guda, janareta na ruri, kowa na jiran layi. Akwatin kuwa PlayStation 2 ne, wanda kamfanin Sony na Japan ya fitar a 2000. Da shi muka yi kokawar SmackDown ta 2003, muka yi tseren motocin Need for Speed na 2005.

Babu shakka mun ji daɗi, mun kuma koyi haƙurin shan kaye. Amma abin takaici, mun haddace sunan Undertaker da Rey Mysterio, alhali ba mu san gwanin kokawa ko ɗaya na garinmu ba. Da kaka ana kokawa a dandali, da salla ana sukuwa, mu kuwa muna ƙunshe a shago.

Saboda haka muna kira ga masu karatun kwamfuta, su ƙirƙiro wa ƙannenmu wasan da za a ji ganga da kirari, a yi tsere daga Kwanar Dangora zuwa dajin Falgore. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.